LAFIYA UWAR JIKI: Kada Tausayi Ya Kwantar Da Maigida

Yau zancenmu a kan jinyar mai shanyewar ɓarin jiki ne, maigida ne ko surukarki.

Shi wannan ciwo yana samuwa ne idan jijiyar jini ta toshe ko ta fashe a ƙwaƙwalwa, galibi saboda hawan jini. To da an sallamo mutum daga asibiti, sai ki ga an shimfiɗe shi a ɗaki, ko kofin ruwa ba a bari ya ɗauka. "Kwanta Alhaji, kar ka faɗi!" 'Yar uwa, wannan tausayin cutarwa ne. Jikin da ba ya motsi gaɓoɓinsa ƙagewa suke yi, ƙarfi ya tafi, gyambo ya fito a baya, ranar da ya yunƙura kuwa sai faɗuwa. Ga shi mafi yawan sauƙin ana samunsa ne cikin wata 3 zuwa 6 na farko.

Don haka ki riƙa kai shi wajen likitan gashi, ki kuma maimaita masa a gida abin da aka koya muku. Kafin ya miƙe, ya ɗan zauna a bakin gado har jiri ya sake shi. Ke kuma ki tsaya ta ɓangaren da ya shanye, ki riƙe shi ta ƙugu. Kul kika ja shanyayyen hannun, kafaɗar na iya gocewa. Sanda a lafiyayyen hannu ake riƙe ta. Wajen hawa matakala lafiyayyar ƙafa ce gaba, wajen sauka kuwa mai ciwon.

Sai gyaran gida. Naɗe tabarma daga hanya, kwashe butoci da kayan wasan yara, kankare gansakukar banɗaki, a ajiye masa kujera ta wanka da alwala. Silifas a jingine shi, a samo takalmi mai kama dunduniya. Da dare a bar fitila, domin faɗuwa ɗaya na iya karya ƙashin kwatangwalo, jinya ta koma sabuwa. In ya faɗi ya bugu a kai, asibiti za a nufa ba jira.

Maganin hawan jini kuma kada ya yanke. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya saka miki da Aljanna. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.