Zauren Asusu: Kafin mu sayi tsohon gidan abinci

Wata ƙungiya a nan yankin Hawandawaki ta aiko mana da tambaya: an sa wani tsohon gidan abinci na bakin hanya a kasuwa, shin su kwashe kuɗin akwati su saya su riƙa ba da haya?

To, abu na farko, ku binciki dalilin da ya sa aka daina ɗora tukunya a wurin. Abincin bakin hanya da matafiya yake rayuwa. Mun ga yadda ciniki ya mutu da Najeriya ta rufe iyaka a 2019, muka sake gani a 2023. In rashin masu saye ne ya kori mai gidan, ɗan hayarku ma shi zai kora.

Na biyu, ku yi lissafi. A ce gidan miliyan 2 ne, haya jika 10 a wata. Jika 120 ke nan a shekara, sai an kusa shekara 17 kafin uwar kuɗi ta dawo. Ba a sa gyara ba: hayaƙi ya ci rufi, ruwan wanke-wanke ya jiƙa gindin bango, ga yaɓe kafin damina.

Na uku, ba a cinikin biri a sama. Gidan na mutum ɗaya ne ko na gado? In na gado ne, kowane magaji ya yarda gaban shaidu. Mai gari ya sani, hukumar filaye ta Kofo ta ba da takardar saye, a meri a duba ko akwai bashin haraji. Takardar kuma da sunan ƙungiya, kada a rubuta mijin wata.

Tun da aka fara Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi a 1991, ƙarfinmu shi ne kuɗi suna juyawa: wannan ta ranta ta sayi gyaɗa, waccan ta yi kiwon akuya, ƙarshen zagaye a raba. Ranar rabo ba a yanka gini gida talatin, kuma wadda ɗanta ya kwanta ciwo ba za ta ranci bulo ba.

Shawarata, in kuna son gidan, ku buɗe zubi na daban dominsa, akwati ya ci gaba da aikinsa. Ku fara kama shi haya na shekara guda, ku dafa ku sayar, ku ga damina da rani. Sai fitowa ta gaba, Allah ya sa albarka a zubinmu.