Tanbihi ga Masu Riƙon Ƙananan Hukumomi a kan Rabon Baro da Keken Ɗinki

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Bayan haka, ya ku malamai da almajirai, ku sani abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata al'ada da ta yaɗu cikin ƙananan hukumomin ƙasarmu, wadda suka sa wa suna samar da aikin yi. Sifarta ke nan: a kafa rumfa a sakatariya, a kira makaɗa, a jera baro da keken ɗinki da injin markaɗe, a kira sunaye daga takardar kansila, a ɗauki hoto, a watse. Na ce wannan ruɗi ne, kuma ga hujjojina.

Ta farko. Keken ɗinki a hannun wanda bai taɓa zama gaban tela ba, hajar sayarwa ce. Na ga samari cikin waɗanda suka yi karatu gabana sun karɓa da hantsi, kafin la'asar dillali ya saye shi rabin kuɗi. Ban zarge su ba, gama sun baro yunwa a gida. Shi kuwa yaron da ya shekara uku yana koyon ɗinki, sunansa bai shiga takarda ba, don ba ya bin kansila yawon neman ƙuri'a.

Ta biyu. Aikin ƙaramar hukuma rubutacce ne. Tsarin mulki na 1999, cikin jadawali na huɗu, ya ɗora mata kafa kasuwanni da tashoshin mota da mahauta da makewayin jama'a, da gyaran hanyoyi da magudanan ruwa, da kwashe shara. Waɗannan su ne iyayen sana'a. Ku dubi Dawanau cikin ƙasar Dawakin Tofa, inda fatake ke zuwa daga Nijar da Chadi da Kamaru neman hatsi da wake da riɗi. Ku dubi kasuwar dabbobi ta Maigatari a bakin iyaka. Wa ya raba wa 'yan dako da masu awo da masu ɗinkin buhu da masu abinci na wuraren nan aiki? Kasuwa ce ta haife su. Idan hanyar ƙauye ta yanke da damina, albasar manomi ta ruɓe a gona, ɗan dako ya kwana da yunwa ko da an ba shi baro goma.

Magabatanmu sun san haka. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, cikin littafinsa Usulus Siyasa da ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya lissafa kula da masu sana'a da raya kasuwanni da hanyoyi cikin wajiban shugaba. Sarkin Kano Muhammadu Rumfa ya kafa kasuwar Kurmi fiye da shekara 500 da suka wuce, har yau ana ci daga gare ta. Wane rabo ne na bara da za a nuna mini amfaninsa bana?

Ta uku, ita ce mafi muni. Hannun da ya miƙa baro ranar biki, shi ne ke tare mai baron a ƙofar kasuwa. Wannan ya karɓi kuɗin shiga, wancan kuɗin shara, wani kuɗin rumfa, rasit ya zo wani lokaci, wani lokaci bai zo ba, sharar kuwa tana nan tsibi. Mai tallan ƙosai da jarinta bai kai kuɗin buhun wake ba, ita ma ba a ƙyale ta ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, cikin Kitabul Farƙi, ya ƙidaya ƙwacen da ake yi wa 'yan kasuwa da mahauta cikin zaluncin sarakunan da ya yaƙa. Sauya wa abin suna bai wanke shi ba.

Idan wani ya ce, ai ba mu da kuɗi, gwamnoni sun riƙe cikin asusun haɗin gwiwa, sai mu ce: mun san wannan ciwo. Ƙananan hukumomi 774 ne a Nijeriya, 44 a Kano, 34 a Katsina, kuma rabon da aka daɗe ana bi ya ba su kashi 20.6 cikin 100 na asusun tarayya. Ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa a biya su kasonsu kai tsaye. To, wanda aka tauye wa haƙƙi ya fito ya faɗa a fili, mu taya shi. Amma wanda ya sami kuɗin rumfar biki da makaɗa, kada ya ce mini ya rasa kuɗin kwalbati ɗaya.

Idan wani ya ce, mai sukar rabo yana ƙin talaka, sai mu ce: a ba gajiyayye da maraya da matar da mijinta ya mutu, haƙƙinsu ne. Amma a kira shi taimako, kada a rubuta cikin lissafi cewa an ba mutum ɗari aiki.

Abin da muke nema huɗu ne. A gyara hanyar da ke kai amfanin gona kasuwa kafin ruwa ya sauka. A haɗa kuɗin kasuwa ya zama ɗaya, da rasit ɗaya, da adadi sananne. A ba kafintoci da maƙera da telolin gari aikin kujerun makaranta da ƙofofi da tufafin yara, da sharaɗin kowane ya riƙe yaran koyo, kuma kayan aiki su tafi ga yaron da maigidansa ya shaida ya ƙware. Sa'an nan a liƙa lissafin abin da ya shigo da abin da ya fita kowane wata a bangon sakatariya, da ajami da boko.

Ya ku malamai, kansila maƙwabcinku ne, kun san ƙofar gidansa. Ku je ku tambaye shi waɗannan huɗu da ladabi, ku koma, ku sake komawa. Ya ku almajirai, ku riƙe allo ku riƙe sana'a, kada ku tsaya a layin rabo. Dukiyar jama'a amana ce, kuma za a tambayi mai riƙonta. Haza wassalam.