Ra'ayinmu: Jikin Mutum Ba Shi Da Rumbun Tutiya

Idan aka ambaci tutiya, abin da kan faɗo wa yawancinmu shi ne kwanon rufi da bokitin ɗibar ruwa. Kaɗan ne suka san cewa ƙarfen nan, wanda likitoci ke kira zinki, yana cikin naman jikinmu da ƙasusuwanmu. Duka-duka abin da ke jikin baligi bai wuce giram 2 zuwa 3 ba. Amma raina kama ka ga gayya: in ya yi ƙaranci, yaro ba ya girma yadda ya kamata, miki ba ya saurin warkewa, jiki kuma ya kasa kare kansa daga cututtuka.

Ba jiya aka fara gane haka ba. A shekarar 1869 wani Bafaranshe, Jules Raulin, almajirin Pasteur, ya nuna cewa wata irin fumfuna ba ta yaɗuwa sosai in babu tutiya. Duk da haka, masana sun daɗe suna zaton mutum ba zai taɓa rasa ta ba. Sai a 1961 Dokta Ananda Prasad ya ba da labarin waɗansu samari a ƙasar Iran, 'yan kimanin shekara ashirin, masu jiki irin na yara ƙanana, ba su ko balaga ba. Abincinsu gurasar alkama ce, nama sai kaɗan, ga su kuma da cin yumɓu. A 1963 ya tabbatar a Masar cewa ƙarancin tutiya ne sanadin irin wannan tsumburewa. Da aka ba marasa lafiyar tutiya, sai suka fara tsawo, suka balaga.

To, mene ne aikinta? Jiki an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyi waɗanda ido ba ya gani, kowace kamar gari mai ganuwa, ma'aikatan cikinta kuwa su ne furotin iri-iri. Masana sun ƙiyasta cewa kusan ɗaya cikin goma na furotin ɗin jikin mutum yana riƙe da tutiya. Waɗansu da ita suke narkar da abinci, wani da ita yake taimakon jini ya kwashe gurɓatacciyar iskar da muke fitarwa. A 1985 Aaron Klug da abokan aikinsa a Kambirij ta Ingila suka bayyana waɗansu furotin masu siffar yatsu, waɗanda tutiya ke riƙe musu siffarsu, da su ne ƙwaya ke kama kundin gadonta ta karanta umarnin da ke ciki. Saboda haka duk inda ake girma ko gyara, kamar hanji da fata da jikin jariri, a nan rashinta ya fi saurin bayyana.

Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne yadda ƙwayar jiki ke auna ta, don tutiya in ta yi yawa guba ce. A jikin mutum akwai ƙofofi iri 14 da ake kira ZIP masu shigo da ita cikin ƙwaya, da waɗansu iri 10 da ake kira ZnT masu fitar da ita ko tura ta cikin 'yan taskoki. Akwai kuma mai gadi, MTF-1. Da zarar ya ji tutiya ta yi yawa, sai ya sa a ƙara ƙofofin fita, a kuma ƙera wani furotin mai suna metallothionein, wanda aka fara ganowa a ƙodar doki a 1957, shi kuwa ya kame rarar. In kuma ta yi ƙaranci, hanji yakan ƙara ƙofofin shiga don ya tsotso abin da ya samu daga abinci. Har a fagen yaƙi da cuta jiki na aiki da wannan dabara: fararen ƙwayoyin jini sukan ɓoye tutiya don ƙwayoyin cuta su rasa, wani lokaci kuma su antaya musu ita har ta hallaka su.

Sai dai duk wannan tsari na daidaita abin da ke hannu ne. Jiki ba shi da wani rumbun tutiya da zai riƙa ɗiba in an shiga fari, don haka tilas ta shigo kullum: kimanin miligiram 11 ga namiji baligi, 8 ga mace. A nan ne maganar ta shafe mu. Cimarmu gero ce da dawa da masara, su kuwa tsabar hatsi suna ɗauke da wani sinadari da kan ɗaure tutiya ya hana hanji shanye ta. Nama da hanta da kifi sun fi ba da ita cikin sauƙi, amma ba kowane gida ke iya sa su a tukunya kullum ba. Abin farin ciki shi ne jiƙa hatsi, da barinsa ya yi tsami kamar yadda ake yin koko, da tsirar da shi, duk suna rage wannan sinadari. Ashe dabarun iyayenmu mata suna da hujja a ilmin kimiyya.

Babban haɗari yana kan yara. Gudawa tana wanke tutiya daga jikin yaro, ƙarancinta kuma yana jawo wata gudawar. Shi ya sa a 2004 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka ba da shawara cewa duk yaro mai gudawa, bayan ruwan gishiri da sukari, a ba shi tutiya miligiram 20 kullum har kwana 10 zuwa 14, wanda bai kai wata shida ba kuwa miligiram 10. Sau da yawa da gudawa ta tsaya sai a ajiye maganin, alhali sauran kwanakin ne ke mayar wa jiki abin da ya rasa, su kuma kare yaron na watanni biyu zuwa uku.

Muna kuma gargaɗi ga masu sayen ƙwayoyin ƙarin lafiya suna sha ba ƙa'ida. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Baligin da ya daɗe yana wuce miligiram 40 a rana yana iya hana jikinsa shan jan ƙarfe, abin da kan jawo ƙarancin jini da ciwon jijiya.

Saboda haka muna kira ga 'yan'uwanmu ɗalibai, in an tafi hutu, kowa ya bayyana wa mutanen gidansu muhimmancin cika kwanakin nan. Ma'aikatan lafiya su tabbata ba a sallami uwa da ruwan gishiri da sukari kaɗai ba. Malaman gona su lura da gonakin da ƙasarsu ta rasa tutiya, don hatsi ba ya ba da abin da ƙasa ba ta ba shi ba. Masu tsara kasafin kuɗi kuma su sa maganin nan mai araha cikin abin da ba zai yanke a asibitocin karkara ba. Allah Ya ba mu ikon aiki da abin da muka sani.