TSOHON GADO DA SABON FENTI: SHAWARA GA IYAYEN AMARE A ƘASAR KANKIYA DA KUSADA

A al'adar Bahaushe, miji shi ne da samar da ɗaki, amma cika ɗakin da kaya nauyi ne da ya rataya a wuyan iyayen amarya. Gado da katifa da kujeru da kabad da kwanukan jere duk daga gidan uba suke fitowa. A ƙasar Kankiya da maƙwabciyarta Kusada, inda akasarin jama'a manoma ne, wannan nauyi yakan faɗo ne da kaka, lokacin da aka kai amfanin gona gida kuma bukukuwan aure suka kankama. Sau da yawa magidanci yakan buɗe rumbu ya sayar da geron da zai ci da damina, ko ya jinginar da gona, don kawai a ce ɗakin 'yarsa ya yi kyau. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa gyara tsofaffin kayan ɗaki da fenti a cikin gida ba abin kunya ba ne, hasali ma ya fi cin bashi daraja, muddin an yi aikin bisa ƙa'ida.

Da farko dai, gyara ba baƙon abu ba ne a rayuwar Hausawa. Gyartai yakan ɗinke fasasshiyar ƙwarya ta koma aiki. Rigar da ta koɗe akan mayar da ita marina, a rina a buga ta fito tana ƙyalli. Katanga kuwa akan yi mata yaɓe, ɗaki a yi masa daɓe da makuba, a shafe bango da farar ƙasa. Babu wanda ya taɓa yi wa mai sabon yaɓe gorin cewa katangarsa tsohuwa ce. Ashe ke nan ƙyamar da ake nuna wa gyararren gado sabon ɗauka ce, wadda ta shigo tare da gasar kece raini tsakanin dangin ango da na amarya a ranar jere.

Na biyu, ba kowane sabo ne ya fi tsoho inganci ba. Gadon ƙarfe mai rumfa irin wanda aka yi yayinsa a shekarun 1970 da 1980, da kabad ɗin da aka yi da katakon maɗaci ko na loko, har yanzu suna nan a gidaje da wajen dillalai, babu abin da ya same su illa tsatsa da koɗewar launi. Yawancin kayan yayi na yanzu kuwa da garin katako ake yin su, wanda aka cuɗa da gam aka matse, aka lulluɓe shi da leda mai sheƙi. Da zarar danshi ya taɓa ƙafarsa sai ya kumbura, kuma idan aka kwance shi don tashi daga wani gida zuwa wani, ƙusoshinsa ba sa sake kamawa da kyau. Tun daga 1986, lokacin da gwamnatin Janar Babangida ta ɓullo da shirin gyaran tattalin arziki darajar naira ta faɗi, kayan da ake shigowa da su daga waje suke ta ƙara tsada, kuma janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 ya ƙara wa kuɗin dako nauyi. Mai saye a yau yakan biya da yawa ya sami abin da bai kai na da ƙarko ba. Da ma Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani.

To amma fenti yana da ƙa'idojinsa, kuma rashin bin su ne ya sa wasu suke raina aikin gida. Kafin a buɗe gwangwani, wajibi ne a duba ko gara ta ci katakon, a ɗaure inda ya saki, in ƙarfe ne ya karye a kai wa mai walda. Sai a wanke maiƙo da datti, a kankare tsatsa da tsohon fentin da ya ɓanɓare, a shafa fentin ƙasa mai hana tsatsa, sa'an nan a bi da shafi biyu marasa kauri, a bar na farko ya bushe sarai kafin a yi na biyu. Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan ɗaukewar ruwan sama kafin hunturu ya shigo, domin danshin damina yana hana fenti bushewa da wuri, ƙurar hunturu kuma tana manne masa ta dusashe shi.

Akwai kuma wani hatsari da bai kamata a yi shiru a kansa ba, wato gubar dalma. Wasu fentin mai, musamman masu launin rawaya da ja, akan haɗa su da dalma, kuma saboda illarta ne Amurka ta haramta irin wannan fenti a gidaje tun 1978. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani adadi na dalma da za a ce ba ya cutar da jiki, kuma ƙananan yara ta fi yi wa lahani domin tana taɓa ƙwaƙwalwarsu. Ƙasar Hausa ta ga aikinta a Zamfara a 2010, inda yara fiye da 400 suka rasu. Gaskiya ne can daga dutsen zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ta fito, amma hanyar shigarta jiki ɗaya ce: ƙura a tsakar gida, yaro ya taɓa ya kai hannu baki. Saboda haka kada a goge tsohon fenti a bushe, a riƙa jiƙa shi da ruwa, kada kuma a ƙona shi da wuta. A yi aikin a sarari nesa da madafa, a kawar da yara da masu juna biyu, a tattara abin da aka kankare a zubar inda yara da dabbobi ba sa zuwa, a kuma nemi fentin da aka rubuta a jikinsa cewa ba shi da dalma. Makarantar koyon aikin lafiya da ke Kankiya tana da rawar takawa a nan, domin ɗalibanta su ne za su shiga ƙauyuka gobe.

Mai yiwuwa wani ya ce wannan shawara za ta kashe wa kafintoci kasuwa, ko ta jawo wa amarya gori wajen kishiyoyi da dangin miji. Game da kafintoci, gyara shi ma aiki ne da ake biya, kuma kuɗinsa a cikin gari yake tsayawa maimakon ya bi mota zuwa Kano ko Katsina. Game da gori kuwa, ba zai gushe ba sai masu hali da masu ilimi sun fara yi a gidajensu. Ranar da malamin makaranta ko ɗan kasuwa ya kai 'yarsa da gadon mahaifiyarta an sabunta shi, kuma ya faɗa da bakinsa ba tare da ɓoyewa ba, talaka zai sami ƙwarin gwiwar yin koyi. Limamai da masu unguwanni su ma suna iya tunatar da jama'a cewa tsadar kayan ɗaki tana cikin abubuwan da ke jinkirta aurar da 'yan mata.

Daga ƙarshe, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Uban da ya kashe kuɗin gwangwani biyu na fenti ya bar rumbunsa a cike, ya fi wanda ya cika ɗakin 'yarsa da kayan bashi sa'an nan ya shiga damina yana neman abin da iyalinsa za su ci.