KADA KA YI GAGGAWAR ZUBA KIFI A SABON TANKI

Manomi ɗan'uwa, kiwon kifi a gida ya yaɗu a Masaka da sauran garuruwan da ke kan hanyar Abuja zuwa Keffi. Wani tarwada yake kiwo a tankin siminti ko na tamfol, wani kuma kifin ado a akwatin gilashi cikin falo. Sau da yawa 'ya'yan kifin kan fara mutuwa a makonnin farko, sai a ɗora laifin a kan mai sayar da su. A ganina, yawanci gaggawa ce ke jawo wannan asara.

Ka san yadda ƙwayoyin bakteriya da ke saiwar gyaɗa da wake suke ƙara wa ƙasa albarka. Ruwan kifi ma yana da irin nasa. Kashin kifi da ragowar abinci suna haifar da sinadarin amoniya, wanda guba ne. Bakteriyar Nitrosomonas tana mayar da shi naitirait. Shi ma guba ne, domin yana hana jinin kifi ɗaukar iskar oksijin. Daga nan sai wasu, irin su Nitrospira, su mayar da shi naitiret, wanda cutarwarsa kaɗan ce. Sabon tanki ba shi da isassun waɗannan ƙwayoyi, kuma yawanci sukan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin su kafu.

Don haka ka kiyaye waɗannan:

1. Ka jiƙa sabon tankin siminti, ka riƙa canja ruwan, domin siminti yana ƙara wa amoniya dafi.

2. Ka samo tsakuwa ko soson matata daga tsohon tanki mai lafiya, domin a jikinsu ƙwayoyin suke zama.

3. Ka fara da kifi kaɗan da abinci kaɗan, kana rage ruwan kana ƙara sabo.

4. Kada ka wanke matata da ruwan famfo mai kulorin, kada kuma ka zuba maganin kashe ƙwayoyin cuta ba da shawarar likitan dabbobi ba. Duka biyun suna kashe masu amfanin.

Wani zai ce jiran wata guda asarar lokaci ne. Sauri ya haifi nawa. Wanda kifinsa ya mutu ya yi asarar kuɗin iri da na abinci, sannan dole ya sake jiran.

Ku kuma malaman gona, ku riƙa yawo da kayan gwajin ruwa. Ku gwada amoniya da naitirait a gaban manomi, kada ku ba shi izinin cika tanki da kifi sai gwajin ya nuna babu su.