Tocila da Fitila: Sunaye Biyu, Tushe Ɗaya

Fataken ƙasar Hausa da ke zuwa Guangzhou, babban birnin ciniki na kudancin ƙasar Sin, sun san ba a raba kayansu da tocila. A can ne ake yin batir mai tambarin Tiger Head, a can kuma ake cin babbar kasuwar baje koli tun shekarar 1957. Mutanen Sin suna kiran tocila da wani suna mai ma'anar bututun lantarki na hannu. Bahaushe kuwa bai ɗauki nasu ba. Ya riƙe wanda ya ji a bakin Turawan Ingila, watau torchlight, ya lanƙwasa shi ya zama tocila.

To, su Turawan Ingila ina suka samo ta? Aro suka yi. Wajen ƙarni na 13 suka karɓi kalmar torch daga Faransawa, su kuma suka gaje ta daga harshen Rumawa, inda torquere ke nufin murɗawa. Dalili kuwa shi ne, a zamanin da, akan murɗa tsumma ko igiya, a tsoma cikin kakin zuma ko kwalta, a cinna mata wuta don haskaka hanya.

Abin mamaki, fitila ma haka take. Daga Larabci ta zo, inda fatila ke nufin lagwani, tushenta kuwa fatala, watau ya tufka. Ashe Barume da Balarabe abu guda suka duba suka raɗa suna: zaren da aka murɗa.

Yau babu lagwani a cikin tocila. A shekarar 1899 aka yi wa David Misell rajistar tocila mai batir a Amurka, a 2014 kuma masana uku 'yan asalin Japan suka sami lambar Nobel saboda ƙwan LED mai shuɗin haske, wanda ya buɗe hanyar farin hasken tocilar yanzu. Zare ya tafi, suna ya zauna.

Akwai masu ganin a tsarkake Hausa daga baƙin kalmomi kafin a koyar da kimiyya da ita. Kishinsu abin yabo ne, amma wannan ra'ayi bai yi daidai ba. Wanda ya kori tocila don baƙuwa ce, tilas ya kori fitila, sa'an nan yaro ya buɗe littafi ya tarar da sunan da uwarsa ba ta taɓa faɗa ba. Turanci bai ragu da kome ba don ya ci bashin Faransanci.

Aron kalma ba abin kunya ba ne. Abin da ya cancanci damuwa shi ne yaro ya iya kiran sunan tocila, amma bai san yadda batir ke tura lantarki zuwa ƙwai ba. Nan ya kamata malamai su sa ƙarfinsu, da kalmomin da yaron ya riga ya sani.