Ku Bar Mana Tabarmar Kallonmu

Maganar da wani malami ya yi a wurin ɗaurin auren makon jiya a nan Ɗankaza ta hana ni sakat. Wai duk gidan da ake zama kallon wasannin Meziko, tarbiyya ta yi ƙaura daga cikinsa. Jama'a suka gyaɗa kai, har da waɗanda na san matansu ba sa bari ko kashi ɗaya ya wuce su. Allah gafarta Malam, ban yarda ba.

Ka taɓa zama a irin wannan gida bayan sallar isha'i? A namu, da an kunna sola tabarma take cika. 'Yan wasan Sifaniyanci suke yi, an juya shi zuwa Turanci, sai ɗan wana da ke sakandare ya juya wa Inna zuwa Hausa, yana ƙara gishiri. A cikin wasan attajiri ya faɗi sumamme don ya ji direbansa ɗansa ne, Inna ta tafa hannu ta ce, "Kai, wannan ko akuya aka ce masa ta haihu sai ya suma!" Gida ya kece da dariya. Amarya da uwargida, waɗanda tun safe ba su haɗa ido ba, sai ga su sun haɗu a kan tsine wa muguwar surukar da ta ɓoye wasiyya. Jika ya tsokani kakarsa cewa ita ma haka take, ta bi shi da mafici. Wace tarbiyya ce ta gudu a nan?

Kuma abin ba yau aka fara ba. Tun a shekarun 1990 NTA ta nuna The Rich Also Cry, wasan Meziko na 1979, mutane suka yi ta tausaya wa Mariana. Bayansa aka yi zamanin wasan Paloma da Diego. Yaran da suka kalli waɗannan su ne iyaye a yau, wasunsu limamai. Nuna mini mace ɗaya a ƙasar Wudil da ta kashe aurenta saboda Paloma.

Za a ce akwai sumbata da suturar da ba ta dace ba. Akwai, kuma rimot yana hannun uwargida, ta fi kowace hukuma saurin canja tasha. Wannan ba abin ɓata tawada ba ne.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne masu wannan hukunci ba sa gida lokacin da ake kallon. Magidanci ya dawo daga kasuwar Juma'a ta Wudil, ya ci tuwo, ya fice majalisa ko teburin mai shayi, ko gidan kallon ƙwallo inda zai yi ta ihu a kan Arsenal da Chelsea har dare ya raba. Bai san ajin da 'yarsa take ba. Bai san abin da ke sa ɗansa dariya ba. Ban taɓa jin an tashi a ɗaurin aure an ce ƙwallon Ingila ta kori tarbiyya ba, don nishaɗin maza ne. Na mata da yara kuwa, shi ne kullum abin zargi.

Tsohuwar cuta ce a Kano. A 2007 an tara littattafan soyayya an cinna musu wuta ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu. A zamanin Malam Rabo a hukumar tace finafinai an ɗaure 'yan fim, har da Iyan-Tama. A 2016 aka yi ta hayaniya har aka fasa gina alƙaryar fim a Kofa ta Bebeji. A watan Mayun 2025 hukumar ta dakatar da finafinai masu dogon zango 22 a lokaci guda, ciki har da Labarina da Daɗin Kowa. An tsangwami na gida, yanzu kuma ana kukan mutane sun karkata ga na waje.

Ranar da aka kashe talabijin ɗin tsakar gida, yaran nan ba allo za su ɗauka ba. Kowa zai shige ɗaki da wayarsa, ya toshe kunne, ya kalli abin da babu Inna a gefe da za ta ce masa "tir". Na ga haka a gidan maƙwabcinmu tun da ya sayar da nasa akwatin bara: ƙarfe tara gidan tsit kamar an yi rasuwa, haske kawai kake hangowa ta ƙasan ƙofofi.